Jan Gargaɗin da Muka Saba Tsallakewa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaya daga cikin shagunan kwamfuta da ke tsakanin Jakara da bakin Kasuwar Kurmi a lokacin cike fom na jarrabawa ko na neman aikin gwamnati ya san shafin da nake nufi. Ana rubuta adireshi, maimakon fom ya fito, sai allo ya kawo wata jar alama mai kusurwa uku da rubutun Turanci a ƙarƙashinta: "Your connection is not private". Yaron shago ba ya ko tsayawa karantawa, hannunsa ya riga ya haddace hanya. Ya danna "Advanced", ya gangara ƙasa, ya danna "Proceed", fom ya buɗe, a ci gaba da zuba suna da ranar haihuwa da lambar NIN. In mai fom ya tambaya, amsar ɗaya ce: "Ba komai Alhaji, dama haka yake yi."

Haka ma a teburan masu gyaran waya, daga cikin gari har Farm Centre da titin Beirut. Mutum ya miƙa waya ya ce, "Don Allah cire min wannan abin da ke fitowa, ya ishe ni." Buƙatarsa ba laifi ba ce. Gargaɗin da ke tare mutum safe da yamma abin gajiya ne, kuma ana iya raba shi da shi. Abin da nake jayayya a kai shi ne hanyar da ake bi. Akwai mai neman abin da ya jawo gargaɗin ya gyara, gargaɗin ya tafi da kansa. Akwai kuma mai toshe bakin gargaɗin ya bar cutar tana ci. Ta biyun ce ta fi yawa a wajenmu, kuma ita ce nake ganin tana shirya mana ɓarnar da ba mu lissafa ba.

Sai mun san abin da burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ke dubawa kafin mu san abin da take ƙorafi a kai. Mutanen Jakara ba baƙin wannan tsari ba ne, ko da ba su taɓa jin sunansa ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da aka kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, falke ya kan zo daga Gwanja ko Agadas babu wanda ya san shi, amma a ba shi kaya har da bashi, saboda ya sauka a gidan fatoman da kasuwa ta sani, fatoman kuma ya tsaya masa. Shafin intanet ma baƙo ne gare ka. Kafin wayarka ta miƙa masa sirrinka, sai ta nemi ya nuna takardar shaida, wato satifiket, wanda wani kamfanin da aka yarda da shi ya sa wa hannu. Sunayen waɗannan amintattun kamfanoni suna ajiye a cikin wayar ko a cikin burauzar tun daga masana'anta. Abubuwa uku take dubawa. Wanda ya sa hannun yana cikin waɗanda ta sani? Sunan da ke jikin takardar ya yi daidai da adireshin da ka rubuta? Wa'adin takardar bai ƙare ba? In ɗaya ya saɓa, sai ta tsayar da kai. In duka sun cika, sai a kulle zancen da ke tsakaninku ta yadda na tsakiya ba zai iya karantawa ko sauyawa ba. Kamfanin Netscape ne ya fara wannan tsari a tsakiyar shekarun 1990, kuma a kansa harkar banki ta intanet ta dogara a yau.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, sau tari laifin ba na shafin ba ne. A 2017 ma'aikatan Google sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan miliyoyin irin wannan gargaɗi da burauzar Chrome ta nuna wa mutane, suka gano fiye da rabi sun samo asali ne daga na'urar mai amfani ko daga layin da ya hau. A cikin matsalolin na'ura kuwa, agogo ne kan gaba.

Agogo dai da kowa ya raina. Dalilin a fili yake: in wayarka tana ganin yau shekara goma baya ce, to duk takardar da aka nuna mata za ta ga lokacin fara aikinta bai yi ba. In kuma ta yi gaba, sai ta ga duka sun mutu. Mu kuma a nan abubuwan da ke ɓata agogo sun yi mana yawa. Yawancin kwamfutocin shagunanmu na hannu ne, sun gama aikin ofis a Turai kafin su iso mana. A cikin kowace akwai wani ɗan batir mai siffar kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa, shi ke riƙe lokaci idan an kashe kwamfuta. In ya mutu, duk ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya, kuma kowa ya san sau nawa ake ɗauke wuta a yini a cikin gari. Kuɗin wannan batir ba shi da yawa. Ƙananan wayoyin da ake cire musu batir a kai caji su ma haka suke, musamman in an kashe musu ɗaukar lokaci daga layi. Akwai kuma waɗanda da gangan suke mayar da kwanan wata baya don wata manhajar sata ko ta gwaji ta ci gaba da aiki, sannan su yi ta mamakin abin da ya sami intanet ɗinsu.

Na ga wata dattijuwa ta kawo wayarta wajen wani matashi mai gyara a bakin hanyar da ta bi ta Jakara. Ta ce kwana biyu ko wa'azi ba ta iya buɗewa, kuma an gaya mata sai an yi wa wayar fulashin. Yaron ya karɓa, bai ko buɗe burauza ba, ya shiga saiti ya duba kwanan wata, ya kunna wajen da ke ɗaukar lokaci daga layi, ya miƙa mata. "Hajiya, agogonki ne ya ɓace, yanzu gwada." Ta gwada, ya buɗe. Ta kwance bakin zani za ta biya, ya ce ta bar shi. Da fulashin aka yi, da hotunan jikokinta da lambobin 'yan uwanta sun tafi a banza. Irin wannan yaro ne nake so ya yawaita a kasuwanninmu, wanda ke tambayar dalili kafin ya taɓa kaya. Chrome ma takan faɗa ƙarara idan ta gane agogo ne, ta rubuta cewa agogonka ya yi baya ko ya yi gaba, sai dai da Turanci take faɗa, kuma mun riga mun saba rashin karantawa.

Dalili na biyu ya fi wuyar magani, domin ya taɓa aljihu. Jerin amintattun kamfanonin da ke cikin waya shi ma yana tsufa. Ranar 30 ga Satumba, 2021, wa'adin wata tsohuwar babbar takarda da ƙungiyar Let's Encrypt mai ba da takardun shaida ta jingina da ita ya ƙare, nan take tsofaffin iPhone da kwamfutocin da aka daɗe ba a sabunta ba suka fara ƙin buɗe shafuka masu ɗimbin yawa. An yi wa tsofaffin wayoyin Android dabarar da ta ƙara musu shekara uku, ita ma ta ƙare a 2024. Tun daga nan, wayar da Android ɗinta bai kai 7.1.1 ba ba ta san sabuwar takardar ba, don haka take ta ƙorafi a kan shafukan da ba su da laifin komai. Shawarar da Let's Encrypt ta bayar a lokacin ita ce a sa burauzar Firefox, saboda ita tana tafe da nata jerin, ba ta dogara da na wayar ba. A ɓangaren kwamfuta, Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome kuma ta tsaya mata a kan sigarta ta 109 a farkon 2023. Har gobe akwai shagunan da a kan Windows 7 suke yi wa jama'a rajista. Ba na zargin wanda ba shi da halin sayen sabuwar waya, na san yadda rayuwa ta yi tsada. Amma mai shagon da ke karɓar kuɗin mutane yana shigar da BVN ɗinsu a kwamfutar da ta yi shekaru ba ta ga gyaran tsaro ba, wannan ya kamata ya sake tunani, amana ce a hannunsa.

Sai layin da aka hau. Wayafai na otal ko na makaranta yakan tare ka da shafin shiga kafin ya sake ka, wannan kan jawo gargaɗin, kuma yana wucewa da zarar ka shiga. Wasu manhajojin kashe bairos na kwamfuta sukan shiga tsakaninka da shafi don su duba abin da ke wucewa, in sun tsufa sai su rikita komai. Wanda ya fi damuna shi ne tarkacen VPN na kyauta da suka cika wayoyin matasa tun lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da manhajojin da ke alƙawarin data kyauta. Duk manhajar da ta ce maka sai ka sa mata wata takardar shaida a cikin wayarka kafin ta yi aiki, to neman izini take ta buɗe duk abin da ka kulle. Gargaɗin zai daina fitowa kam, domin ka sa sunan ɓarawo a cikin jerin amintattu da hannunka.

Kada wani ya ɗauka tsoratarwa ce kawai. A 2011 masu kutse sun shiga kamfanin DigiNotar na ƙasar Holan, ɗaya daga cikin masu sa hannu a takardun, suka buga wa kansu takardar jabu da sunan Google. Da ita aka riƙa leƙa saƙonnin mutane kusan 300,000, akasarinsu a Iran. Abin da ya tona asirin shi ne wani mutum a Iran da Chrome ta nuna masa gargaɗi, bai tsallake ba, ya tsaya ya yi tambaya. Cikin 'yan makonni aka cire DigiNotar daga jerin amintattu, kamfanin ya durƙushe. A 2015 aka gano kamfanin Lenovo ya sayar da kwamfutoci ɗauke da wata manhajar talla mai suna Superfish wadda ke sa tata takardar don ta leƙa shafukan da aka kulle. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta umarci 'yan ƙasarta su sa takardarta a na'urorinsu, Mozilla da Google da Apple suka toshe ta. A duk waɗannan, abin da masu leƙen suka nemi kauce wa shi ne wannan binciken da yaranmu ke tsallakewa da danna biyu.

Yanzu bari in zo kan waɗanda na fi ɗora wa laifi, wato masu shafukan. Idan agogonka daidai ne, wayarka ba tsohuwa ba ce, ka sauya layi, ka gwada a wayar maƙwabci, gargaɗin bai fasa fitowa ba, to daga can ne. Kuma abin takaici, a ƙasar nan inda aka fi cin karo da wannan shi ne inda talaka ba shi da zaɓi: shafin makaranta, shafin ɗaukar aiki, shafin tallafi, shafin biyan kuɗin wata hukuma. Na taɓa raka wani ƙanena duba sakamako a shafin wata makaranta, muka tarar takardar shafin ta yi watanni da mutuwa. Da aka yi wa wani ma'aikacinsu magana, sai ya ce ai kowa "Proceed" yake dannawa. Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. An ba da kwangilar gina shafi, an yi bikin ƙaddamarwa, an biya ɗan kwangila ya kama gabansa. Ranar da takarda za ta ƙare, saƙon tunatarwa yana zuwa akwatin ɗan kwangilar ne, a ofis kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin dubawa.

Mantuwa dai ba mu kaɗai muke yi ba. A Disambar 2018 wata takarda da ta mutu a kayan kamfanin Ericsson ta katse wa miliyoyin masu layin O2 intanet a Birtaniya kusan yini guda. A Janairun 2019, lokacin da rikicin kasafin kuɗi ya rufe ofisoshin gwamnatin Amurka, takardun gomman shafukanta sun mutu babu mai sabuntawa. A Fabrairun 2020 Microsoft da kanta ta manta, manhajar Teams ta tsaya na sa'o'i. Bambancin shi ne a can abin kunya ne, ana gyarawa a ba da haƙuri. A nan sai a mayar da shi ɗabi'a, har ma'aikaci ya koya wa jama'a yadda za su tsallake.

Uzurin kuɗi kuwa ya daɗe da faɗuwa. Tun ƙarshen 2015 Let's Encrypt ke ba da takardar kyauta. Wa'adinta kwana 90 ne, amma akwai manhajar da ke sabunta ta da kanta ba tare da kowa ya tuna ba, aikin saitawar bai wuce na zama ɗaya ba ga wanda ya iya. Kuma wanda bai koyi wannan yanzu ba zai sha wuya nan gaba. A Afrilun 2025 majalisar da ta haɗa masu burauza da masu ba da takardu ta amince a rage tsawon wa'adi daga kwana 398 zuwa 200 a Maris ɗin 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029. Ofishin da ya kasa tuna sabuntawa sau ɗaya a shekara, yaya zai yi idan ta koma kusan sau takwas?

Ɓarnar da wannan sakaci ke yi ta wuce shafi ɗaya. Wani bincike da Devdatta Akhawe da Adrienne Porter Felt suka fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na irin wannan gargaɗi a Chrome tsallake shi ake yi. Ɗan Adam haka yake, abin da ya saba gani ba tare da ya cutu ba sai ya daina ganinsa. Yaron da hukumomi suka horar shekara da shekaru a kan danna "Proceed", ranar da gargaɗin zai zama na gaske, a kan shafin da ke kwaikwayon bankinsa, hannunsa zai riga tunaninsa. Kowa a Kano ya san wani da aka kwashe wa kuɗi a asusu. Muna ta yi wa mutane wa'azin kada su ba da lambar sirri, alhali shafukan hukuma suna koya musu raina gargaɗin da aka yi don ya kare wannan lambar.

Na san abin da mai shago zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Yau ake rufe fom, ƙarfe goma sha biyun dare, ga layin ɗalibai har waje, shafin kuma shi ke nan babu wani. Ya mayar da su gida? Ba zan ce masa abin da sauƙi ba. Amma akwai tazara tsakanin karantawa da shigarwa. Buɗe shafi mai matacciyar takarda don a karanta sanarwa ƙaramin haɗari ne. Shigar da lambar katin ATM ko BVN ko kalmar sirrin imel a cikinsa wani abu ne daban, wannan kam a haƙura har a gyara. A duba ɗan rubutun da ke ƙasan gargaɗin: in da kalmar DATE a ciki, maganar lokaci ce, ko naka ko nasu. In AUTHORITY ce, ba a san wanda ya sa hannu ba. In COMMON_NAME ce, sunan bai dace da adireshin ba. Biyun ƙarshen sun fi zama abin tsoro, balle a shafin kuɗi. Sannan a gaya wa mai fom gaskiyar abin da ya fito, shi ya yanke hukunci, tun da bayanansa ne. Bidiyoyin da ke koya yadda ake kashe binciken gaba ɗaya, ko a ja kwanan wata baya don matacciyar takarda ta wuce, a nisance su.

A kiyaye kuma, rashin gargaɗi ba shaidar gaskiyar shafi ba ne. Ɗan damfara ma yana iya samun takarda a kan adireshin da ya yi wa rajista, ya sauya harafi ɗaya daga sunan banki. Abin da takardar ke tabbatarwa kawai shi ne kana magana da mai wannan adireshin kuma babu mai saurare a tsakani. Saboda mutane sun ɗauki hoton kwaɗon da ke gefen adireshi a matsayin shaidar amana ne ma Chrome ta cire shi a 2023. Karanta adireshi harafi bayan harafi yana nan a wuyan mai waya.

Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta wajabta wa duk mai karɓar bayanan mutane ya tsare su. Hukumar NITDA, wadda ke kula da adireshin gov.ng, tana da ikon bin shafukan gwamnati ta ga wanda takardarsa ta mutu, kuma wannan aiki ne da kwamfuta ɗaya za ta iya yi kullum da safe. Gidajen rediyon Kano da ke da shirye-shiryen fasahar zamani su ware minti goma su fassara wa jama'a wannan shafi da Hausa, tun da a yawancin wayoyinmu da Turanci yake fitowa. Shugabannin 'yan kasuwar waya su sa duba agogo da sabunta manhaja a cikin abin da ake fara koya wa yaran da ke koyon gyara.

Ku kuma shugabannin makarantu da hukumomi, ku ɗauki wayarku yau ku buɗe shafinku kamar yadda ɗalibi zai buɗe. In jar alamar ta fito, ku kira wanda ya gina shi ya sa sabuntawa mai yin kanta, ku kuma naɗa mutum ɗaya a ofis da za a tambaya idan ta sake fitowa. Har zuwa lokacin da za ku gyara, kada ku nemi ɗan kowa ya shigar da lambar katinsa a ciki.